Foldojin ofis sun cika mini fuskar kwamfuta

Tambaya: Kwamfutar Mac nake aiki da ita a ofis. Duk lokacin da na kunna ta, sai foldojin da muke amfani da su tare da abokan aiki su jeru a fuskarta, har sun rufe mini hoton 'yata. Yaya zan yi? Wata mai karatu.

Amsa: Ki kwantar da hankalinki, ba abin da ya lalace. Kwamfutar tana nuna miki ne cewa ta haɗu da ma'ajiyar ofis.

Ki buɗe Finder, ki shiga Settings, wanda kafin macOS Ventura na 2022 ake kira Preferences. A shafin General, cire alamar da ke gefen "Connected servers". Nan take foldojin za su ɓace daga fuskar kwamfutar, amma suna nan a gefen Finder idan kin buƙace su. Ni wannan na fi so miki.

Idan kuwa haɗuwar ce ba kya so sam, je System Settings, General, sannan Login Items, ki zaɓi foldar ki danna alamar ragewa. In ta dawo washegari, mai yiwuwa mai kula da kwamfutocin ofishinku ne ya saita hakan, sai ki yi masa magana.

Abu ɗaya nake roƙonki. Kada ki buɗe foldar ki goge abin da ke ciki da sunan share fuska. Takardun ba a kwamfutarki suke ba, kina gogewa kowa a ofis ya rasa su, kuma galibi ba sa tsayawa a kwandon shara balle a dawo da su.