Malam, Wai a Kan Gizo Ake Biyanka Albashi?

Ranar farko da na shiga ajin 'yan ND 1 na sashen injiniyan lantarki don koyar da darasin adabi, na gabatar da kaina, na ce bincikena a kan tatsuniyoyi da littattafan yara nake yin sa. Sai wani daga kujerar baya ya ɗaga hannu. "Malam, don Allah kar ka ji haushi. Wai da gaske a kan Gizo da Ƙoƙi ake biyanka albashi?" Aji ya kwashe da dariya, ni ma na taya su. Amma tambayar ta cancanci amsa, ga shi lokaci ya ƙure mana a ranar. Shi ya sa da aka nemi in ba wannan mujalla rubutu, na ce to, dama ta samu.

Amsar ita ce e, ana biya. Kuma aikin ya yi kama da naku fiye da yadda kuke zato. Ku janareta kuke kwancewa ku ga yadda aka haɗa shi, mu kuma labari muke kwancewa. Bari in nuna muku abubuwa uku da nake koyarwa, mu gwada su a kan tatsuniyar da yawancinku kuka sani.

Ga yadda kakata ta ba ni ita. Wani mutum yana da mata biyu, mowa da bora, kowacce da 'yarta. Aka ɗora wa 'yar bora laifin ɓata ƙirgin kwanciya, aka kore ta, aka ce sai ta je ta wanko shi a Ruwan Bagaja. A hanya ta gamu da abubuwan ban tsoro da ban mamaki, ta gaishe su da ladabi, ta yi abin da suka ce, ta dawo da dukiya. Mowa ta gani, ta tura tata 'yar. Ita kuwa ta yi ta rashin kunya da tsiwa, ta dawo da wahala.

Na ɗaya: labari yana da sassa

A shekarar 1928 wani masani ɗan ƙasar Rasha mai suna Vladimir Propp ya fitar da littafi bayan ya yi nazarin tatsuniyoyin ƙasarsu kusan 100. Ya lura cewa sunaye da garuruwa suna canzawa, amma ayyukan da ake yi a cikin labarin ba su cika canzawa ba. Ya ƙirga irin waɗannan ayyuka guda 31, ya kuma nuna cewa ko da labari bai ƙunshe su duka ba, waɗanda ya ƙunsa a jere suke zuwa. Akwai rashin wani abu, akwai barin gida, akwai gamuwa da mai jarrabawa a hanya, akwai samun kyautar tsafi, akwai dawowa, akwai mai kwaikwayon jarumi na ƙarya wanda asirinsa ke tonuwa.

To, ku ɗora wannan a kan labarin kakata. 'Yar bora ta bar gida, an jarraba ta, ta ci, an ba ta kyauta, ta dawo. 'Yar mowa ta yi ƙoƙarin karɓar abin da ba ta cancanta ba, ta ji kunya. Ka ga sassan injin a baje. Idan ka iya wannan, fim ma in kana kallo za ka riƙa hango inda aka dosa tun ba a je ba.

Na biyu: labari matafiyi ne

Masana sun daɗe da lura cewa labari ɗaya yakan ɓulla a ƙasashen da ke nesa da juna. Wani ɗan ƙasar Finland, Antti Aarne, ya fara jera tatsuniyoyi bisa lamba a 1910. Stith Thompson na Amurka ya faɗaɗa jerin, sannan Hans-Jörg Uther na Jamus ya sabunta shi a 2004. A wannan jeri, lamba ta 480 ita ce labarin yarinya mai kirki da marar kirki. Jamusawa suna da nasu a cikin tarin da 'yan'uwan nan biyu, Grimm, suka fara fitarwa a 1812. A nasu yarinyar cikin rijiya ta faɗa, ta yi wa wata tsohuwa aiki. A namu ƙirgi ta je wankewa. Aikin mai bincike shi ne ya tambaya: me ya sa a wurinmu rikicin ya zama na kishiyoyi biyu da ke zaune gida ɗaya? Amsar tana cikin yadda gidajenmu suke. A irin wannan bambancin ne ake gane al'umma.

Abubakar Imam ya san labari yana tafiya, ya kuma yi amfani da hakan. Littafinsa Ruwan Bagaja ya fito ne daga gasar rubutun da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933. Ya ari sunan ruwan daga tatsuniya, amma ya gina sabon labari na namiji mai yawon duniya neman ruwan magani. A Magana Jari Ce kuwa, mai juzu'i uku, ya ɗebo labarai daga Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Turai da wasu wuraren, ya sa musu rawani da babbar riga, ya sa aku yana ba ɗan sarki su. Da yawa daga cikinmu mun karanta a firamare ba mu san baƙi ne ba. Bin sawun kowane labari zuwa tushensa, da duba abin da Imam ya cire da abin da ya ƙara, aiki ne da ake rubuta kundin digiri a kansa.

Na uku: duniyar al'ajabi tana da doka

Waɗanda suka kalli finafinan The Lord of the Rings, kun san cewa marubucin labarin malamin jami'a ne? J.R.R. Tolkien ya zama farfesa na tsohon Turanci a Jami'ar Oxford ta Ingila a 1925. Littafinsa na yara, The Hobbit, ya fito a 1937. A 1936 ya yi lacca kan wata tsohuwar waƙar Turanci mai suna Beowulf, wadda masana suke yi wa kallon raini saboda dodannin da ke cikinta. Shi kuwa ya nuna cewa dodannin su ne zuciyar waƙar. A 1939 ya sake yin wata lacca a Jami'ar St Andrews ta Scotland kan labaran al'ajabi, inda ya bayyana cewa mai sauraro yana yarda da irin wannan labari ne muddin duniyar da aka gina tana bin dokokin kanta.

Ku gwada da ƙannenku. Ka ce Gizo ya yi magana da zaki, ba mai musu. Amma ka ce Gizo ya sami nama ya raba wa jama'a tsakani da Allah ba tare da wata dabara ba, nan take yaro zai ce, "Kai, yaya, ƙarya ne, Gizo ba ya haka!" Yaron ya san dokar duniyar, ko da ba a taɓa rubuta masa ita ba.

Me ya sa abin ya dame ni

Labarin da yaro ya fara ji shi ne makarantarsa ta farko. A nan yake koyon wane ne mugu, wane ne abin dariya. Shi ya sa a aji ba yabon tatsuniya kawai muke yi ba, muna yi mata tambayoyi masu zafi. Me ya sa kishiyar uwa kullum ita ce muguwa? Me yaro makaho yake ji idan labari ya mai da makaho abin wasa? Wata ɗaliba ta taɓa ce mini ita a hannun matar babanta ta tashi, ba ta taɓa ganin sharri daga gare ta ba, amma tun tana ƙarama tsoronta take ji saboda labaran da ta sha ji. Wannan magana ta fi mini shafi goma na littafi.

Abu na biyu, kayan aikin namu suna ƙarewa. Frank Edgar, wani jami'in mulkin mallaka, ya buga Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa cikin juzu'i uku tsakanin 1911 da 1913, daga abin da malamai suka rubuta da ajami. Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara Tatsuniyoyi da Wasanni don 'yan makaranta. Aiki ne babba, sai dai takarda ba ta riƙe murya. Ba ta riƙe tsamin bakin Gizo, ko waƙar da yara ke amsawa, ko yadda tsohuwa ke rage murya idan dodo ya kusa fitowa. Kuma masu ba da tatsuniya galibi mata ne a cikin gida, inda mai alƙalami bai cika isa ba. Kakata ta rasu ina ajin ƙarshe a jami'a, ban ɗauki muryarta ko sau ɗaya ba. Kullum cewa nake sai hutu mai zuwa.

Aikin hutu

Ba maki a ciki, amma ku yi. Ku nemi tsohuwa a gida ko a unguwa, ku nemi izininta kafin ku kunna wayar. Ku bari sai dare, ku tara yara, don tatsuniya ba ta armashi in ba masu amsawa. Kar ku katse ta, kar ku gyara mata Hausa, in Sakkwatanci take yi ku bar shi yadda yake. Ku rubuta garin da ranar da kuma wanda ita ta ji labarin a wurinsa. Bayan nan ku rubuta shi kalma da kalma, ku kwance sassansa kamar yadda muka yi a sama, ku nemi abokin da ya ɗauko irinsa daga wani gari ku kwatanta. In kun yi haka kun yi bincike na gaske. 'Yan kwamfuta kuma, ku yi tunanin inda za a adana waɗannan muryoyi kada su tafi tare da wayar da ta faɗa ruwa.

Shi wancan ɗalibi na kujerar baya, bayan hutu ya same ni a ofis da labarin Gizo na minti 11 a wayarsa, daga bakin gwaggonsa. Ban taɓa jin wannan labarin ba. Ƙofar ofishina a buɗe take, ina jiran naku.