Sarki Sharlaman da iyalinsa

Mai karatu, in kana da yaro a lakwal, wata rana za ka ji ya ambaci sunan Sharlaman. Sarki ne na mutanen da ake ce wa Faranka. Daga sunansu ne aka samo sunan ƙasar Faransa.

Ubansa, Pepan Gajere, ya rasu a shekara ta 768. A al'adar Faranka, ana raba ƙasa tsakanin ɗiya maza kamar yadda ake rabon gona. Sai aka raba ta biyu, shi da ƙanensa Karlaman. Ba su yi shiri ba ko kaɗan. A 771 ƙanen ya rasu, Sharlaman ya haɗe ƙasar duka. Matar marigayin ta kwashi ɗiyanta ta gudu Italiya. Daga baya yaran suka faɗa hannun baffansu, ba a ƙara jin ɗuriyarsu ba.

Ya yi yaƙe-yaƙe da yawa, har mulkinsa ya kai Jamus da Italiya. Ran 25 ga Disamba na shekara ta 800, Paparoma ya naɗa shi sarkin sarakuna a birnin Rum. Sunansa ya kai har Bagadaza. Halifa Haruna Rashidu ya aiko masa da kyautar giwa, ta iso a 802.

To, mu shiga cikin gida. Ya yi aure-aure, kuma ya ajiye ƙwaraƙwarai. Ɗiyansa sun kai 18. Matarsa Hildagar ita kaɗai ta haifa masa 9 kafin ta rasu a 783. Ya sa an koya wa yaran karatu, maza da mata. Maza suka ƙara da hawan doki da farauta, mata da kaɗi da saƙa. In yana gida, tare da su yake cin abinci. In zai yi tafiya, da su yake tafiya.

Amma son nan ya yi yawa. Ya hana ɗiyansa mata aure, wai ba ya iya rabuwa da su. Masana tarihi suna ganin tsoro ne: suruki yana iya neman sarauta. Biyu daga cikinsu, Rotarud da Barta, suka haihu a gida ba aure, uban ya kau da kai. Babban ɗansa kuma, Pepan mai ƙusumbi, ya haɗa baki da wasu manya don a kashe shi a 792. Asiri ya tonu. Aka aske masa kai, aka tsare shi gidan masu ibada har ya mutu.

Ga wani abu da ya shafe mu. Eginar, bafadensa da ya rubuta tarihinsa, ya ce sarkin yana jin Latin sosai, amma rubutu ya ba shi wuya. Yakan ajiye allo ƙarƙashin matashin kai, in ya samu sarari ya ɗauko ya gwada haruffa. Da girma ya fara, hannu bai faɗa ba yadda yake so. Duk da haka ya tara malamai a fadarsa, ya ba da umurni a buɗa makarantu.

Ya yi shirin raba ƙasa ga ɗiyansa uku, sai biyu suka riga shi mutuwa, a 810 da 811. Shi kuma ya rasu ran 28 ga Janairu na 814 a birnin Ahan, cikin Jamus ta yau. Lui kaɗai ya gaje shi. Da shigarsa fada, ya fitar da ƴan'uwansa mata. Ɗiyan Lui uku suka gwabza yaƙi, a 843 suka raba ƙasar uku.

Tambayoyi
1. Yaya Faranka suke rabon gado?
2. Don mi Sharlaman ya hana ɗiyansa mata aure?
3. Wa ya aiko masa da giwa?