DARASI: KADA KA ZAGI ISKA, AKWAI ARZIKI A CIKINTA

Bismillahir Rahmanir Rahim.

A Suratul Baƙara aya ta 164, Allah Ya lissafa jujjuya iskoki cikin ayoyinSa ga masu hankali. Yau bari mu duba aikin iska guda ɗaya a Tekun Larabawa, wanda ke tsakanin Somaliya, Yaman, Oman da Indiya.

A cikin ruwan teku akwai wasu tsirrai ƙanana da ido ba ya gani sai da madubin likita, masana suna ce musu filankton. Su ne tushen abincin teku. Ƙwarin ruwa su ci su, ƙaramin kifi ya ci ƙwarin, babban kifi ya ci ƙarami, mu kuma mu ci kifin. Kusan rabin iskar oksijin da tsirran duniya ke samarwa daga gare su take.

To ga matsalar. Tsirran nan suna buƙatar hasken rana da taki. Hasken yana sama, ba ya wuce kamar mita 200. Takin kuwa, wato naitiret da fosfet, irin sinadaran da manomi ya sani a takin zamani, yana can ƙasa, don duk abin da ya mutu nutsewa yake ya ruɓe a can. Ruwan sama mai ɗumi ne mara nauyi, na ƙasa mai sanyi ne mai nauyi, ba sa cakuɗuwa. Shi ya sa za ka ga tekun ƙasashe masu zafi garau, shuɗi, amma fa kamar gonar da ta gaji yake.

Wa zai haɗa haske da taki? Daga Yuni zuwa Satumba sai iskar damina mai ƙarfi ta taso daga kudu maso yamma, ta bi gaɓar Somaliya da Oman. Ita da juyawar duniya su ture ruwan sama nesa da gaɓa, sai ruwan ƙasa ya taso ya cike gurbin, ɗauke da takin. Ƙurar hamada ma tana zuba musu sinadarin ƙarfe. Cikin 'yan makonni ruwan ya koma kore, har tauraron ɗan'adam yana ɗauko hotonsa. Kifin sadin da mutanen Oman da Kerala ta Indiya ke rayuwa da shi, a nan yake ƙiba.

Ka lura, wannan ne lokacin da teku ya fi hauka. Ƙaramin kwalekwale ba ya iya fita, masunci na zaune a gida yana ganin an tsayar masa da nema. Alhali iskar da ta hana shi fita ita ce take noma masa kifin da zai kama nan gaba. Subhanallah!

Ya zo a hadisin Abu Dawud da Tirmizi cewa Annabi (SAW) ya hana zagin iska, ya koyar da a roƙi alherinta, a nemi tsari daga sharrinta. Ɗan'uwa, idan kasuwa ta tsaya maka, ko wata ƙofa ta rufe, ka kame harshenka daga zagin zamani. Masunci a wannan lokacin ɗinke komarsa yake, ya gyara jirginsa. Kai ma ka yi shiri, ka ci gaba da riƙo da sababi, ka kyautata zato ga Ubangijinka.

Allah Ya ba mu arziki na halal mai albarka. Wallahu a'alam.