Filin Shawara: Giyar Biki Za Ta Cinye Kusan Rabin Kuɗinmu

Gwaggo,

Ni malamar firamare ce a Jos, shekarata 27, kuma Kirista ce. A watan Disamba mai zuwa za a ɗaura mana aure a coci, da yardar Allah. Wanda zan aura makanikin mota ne. Shekara biyu muna zubin adashi ni da shi, abin da muka tara domin liyafa naira 900,000 ne, mutum 300 kuma muka gayyata. A ciki za mu biya zaure da abinci da kujeru da mai hoto da mai kiɗa.

Matsalar daga kawun angona ta taso, wanda shi ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsa. Ya ce a danginsu ba a biki a bushe, dole a sauke kiret 40 na giya. Mun je wurin dila, ya buga mana lissafi ya kai naira 400,000, ban da kuɗin kwalba da na ƙanƙara. Da na aika a roƙe shi ya rage, sai ya ce ai ko a bikin Kana da ke cikin Littafi Mai Tsarki an sha ruwan inabi. Daga ni har angon ba mai sha, amma yana jin nauyin kawunsa ƙwarai, har ya fara zancen karɓar bashi a wurin maigidansa na gareji.

Ga kuma wata. Mahaifiyata 'yar Bauchi ce, 'yan uwanta Musulmi ne, sun ce mota guda za su yi su zo. Na san halinsu: in suka ga kwalabe a kan tebur, gaisuwa kawai za su yi su tashi. Ba na son su tafi da yunwa, ba na kuma son dangin miji su ce amarya ta shigo da rowa tun ba ta tare ba. Barci ya gagare ni, Gwaggo. Yaya zan yi?

'Yarki, daga Jos.

AMSA

'Yata, Allah ya sanya alheri, ya kai mu ranar lafiya.

Bari in fara faɗa miki inda na tsaya. Ni Musulma ce, giya haramun ce a addinina, ba zan ce miki ki saya ko kwalba ɗaya ba. Amma na zauna a Jos, na ci bikin maƙwabta Kiristoci ba adadi, kuma tambayarki ta aljihu ce da zumunci. A kan su zan amsa miki.

Ɗauki biro mu yi lissafi. Kiret ɗaya na manyan kwalaben giya guda 12 ne, kiret 40 ke nan kwalba 480. Daga cikin mutum 300 ɗin nan ki cire yara, ki cire matan zumunta na cocinku, ki cire fasto da dattawan da za su rako shi, ki cire motar Bauchi, ki cire duk wanda kika san ba ya sha. Ki zauna da angonki ku bi takardar gayyata suna bayan suna. Zan yi mamaki in masu shan suka wuce 80. Raba 480 gida 80, kowa ya tashi da kwalba 6. Wannan ya wuce karrama baƙo, ya zama neman wanda za a ɗauka ranga-ranga. Kuma ki tuna wasu cikinsu mota za su tuƙa da dare, wasu ma ta Hawan Kibo za su gangara. Kawu bai ƙirga kowa ba da ya ce 40, lambar ce ta yi masa daɗin faɗa.

In kun ba dila 400,000, saura 500,000 ne za su ciyar da mutum 300, su biya zaure da sauran hidima. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, ke ma kin san inda shinkafa da mai da nama suka kai. Abincin ne zai kasa, kuma baƙon da ya tashi bai ci ba shi ne mai dogon labari.

Shawarata ita ce ku fitar da giya daga zauren, ku kuma fitar da ita daga asusunku. Ku yi liyafar rana, da an tashi daga coci, a gama kafin magariba. A sha zoɓo da kunun aya da kunun zaki da lemon kwalba da ruwa mai sanyi. Zoɓo da kunu ƙawayenki da matan zumunta za su iya haɗawa a gida, sai dai kunun aya ba ya jimirin zafi, a yi shi da asubar ranar a sa masa ƙanƙara. Teburin manya a jera masa Maltina. Da haka mutanen Bauchi za su zauna har a yanka kek, fastonku ma ba zai riƙa kallon agogo ba. Ki tambaye shi ƙa'idar cocinku tun yanzu, domin coci-coci da yawa a Filato ba sa yarda da giya a bikin 'ya'yansu. In taku na cikinsu, magana ta zo da sauƙi: doka ce ta hana, ba amarya ba.

Shi kuma kawu kada a tsinka shi. Mutumin da ya riƙe maraya har ya kai shi aure yana son a san da shi ranar, kuma ina zaton abin da kiret 40 ɗin ke nufi ke nan. A ba shi kujerar uban ango, a kira sunansa a lasifika, a ba shi dama ya yi jawabi. In ya dage sai abokansa sun sha, gidansa na nan da yamma bayan an watse. Zaman nasa ne, baƙin nasa ne, shi da masu ra'ayinsa su haɗa kuɗin. Ku naku gudunmawar kular shinkafa ce da nama, ku aika masa da girmamawa. Kowa ya daka rawar wani, ya rasa turmin daka tasa.

Idan hakan ta faskara, angonki ya ga lallai sai ya sa hannu, to ya yanke adadin kuɗin tun kafin ya je, ya miƙa su ga kawu a dunƙule, ya ce iyakar ƙarfinsa ke nan. Kada ya ce wa dila "a kawo, ma yi lissafi daga baya", kada kuma a rubuta sunansa a littafin dila. Kwalaben wofi kuɗi ne: duk wadda ta fashe ko ta bi baƙo gida, wanda ya sa hannu a littafin shi zai biya. Mai zaman shi ya kamata ya karɓi kayan, shi ya mayar.

Zancen Kana na bar wa fastonku, shi ya san fassararsa. Abin da na ji dai, labarin bai ce ango ya ci bashi ba.

Maganar nan kuma kada ta fito daga bakinki, 'yata. Ke baƙuwa ce a gidan tukuna, abin da kika faɗa yau za a riƙa tuna miki shi har ki yi jikoki. Angonki ya samu dattijo ɗaya da kawu ke jin kunyarsa, su tafi tare, ya tsuguna ya buɗe masa takardar lissafin gaba ɗaya, daga kuɗin zaure har na ƙanƙara. Ya ce, "Kawu, ga abin da ke hannuna, ka raba mini." Babba in aka sa masa lissafi a gaba, yakan rage da kansa.

Bashin maigida kuwa ki hana shi, ko da kuka ne. Makanikin da ya ci bashin mai gareji, watanni zai yi yana kwanciya ƙarƙashin mota ba ya ganin ladan guminsa. Disamba za ta wuce, Janairu ta zo da kuɗin haya da cefane, masu shan kuma kowa yana gidansa. In kun yi yadda na ce, abin da ya ragu ki sayi buhun masara da jarkar manja ki tare da su.

Ki rubuto mini bayan biki in ji yadda kuka ƙare da kawu.

Gwaggonki.