Soson Teku: Dabbar da Ake Zato Tsiro Ce

Darasinmu na wannan mako a kan wata halitta ne ta cikin teku wadda Larabawa ke kira isfanj, mu kuwa sai mu ce soson teku. Sunan na iya ruɗa mai karatu, domin soson da muka sani, mai yaɗo a kan danga, tsiro ne, dangin duma da kabewa. Na teku kuwa dabba ne, ko da yake ba shi da kai, ba ido, ba baki, ba hanji, kuma ba ya gusawa daga dutsen da ya manne wa har ya mutu.

Irinsa da masana suka ƙididdige sun haura 8,000, amma wanda za mu duba shi ne soson wanka na Bahar Rum, wanda suke kira Spongia officinalis. Ana samunsa a gaɓar Girka da Turkiyya da Tunisiya da Libiya, tun daga ruwa mara zurfi har zuwa mita 40 ko fiye. Yana da rai baƙi ne ko toka-toka, mai nauyi, mai yauƙi. Abin nan ruwan ɗorawa mai laushi da ake sayarwa, saƙar zaren da ke riƙe da jikinsa ce kawai, bayan an bar naman ya ruɓe an wanke.

An daɗe ana gardamar ko dabba ne ko tsiro. Tun fiye da shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salamu, Aristotal na Girka ya yi bayaninsa a cikin dabbobi. A 1825 wani masani ɗan Sikotilan, Robert Grant, ya sa soso mai rai a ƙarƙashin madubin ƙara girman abu, ya ga ruwa yana fita daga ƙofofinsa ba tsayawa, kamar idon ruwa.

To, a nan asirin rayuwarsa yake. Jikinsa duka ƙananan huda ne, ruwa na shiga ta cikinsu, ya bi ta wasu 'yan hanyoyi, ya isa waɗansu 'yan ɗakuna da ido ba ya gani. Bangon kowane ɗaki shafe yake da ƙwayoyin halitta, kowace da silin gashi guda kamar bulala, tana kaɗawa dare da rana. Kaɗawar nan ce ke jan ruwa. A gindin kowane gashi akwai wata 'yar rariya mai tare abin da ruwan ya ɗauko, watau ƙwayoyin bakteriya da sauran ɓurɓushi, shi ne abincinsa. Sa'an nan ruwan ya taru ya fita ta manyan ƙofofi na sama. Da wannan ruwa yake ci, da shi yake numfashi, da shi yake fid da ƙazanta. A yini guda yakan tace ruwan da ya ninka girman jikinsa sau dubbai, saboda haka inda soso ya yawaita ruwa yakan yi garau. Ƙananan tsutsotsi da jatan lande kuma sukan mai da ramukansa gida.

Haihuwarsa ma ta wannan hanya ce. Wani yakan saki maniyyi a ruwa, maƙwabcinsa ya jawo shi tare da abinci, ƙwai ya ƙyanƙyashe a cikin jikinsa. 'Ya'yan sukan yi iyo na ɗan lokaci kaɗan, su sami dutse su manne, shi ke nan tafiya ta ƙare. Tun da ba sa nisa, kuma sai sun yi shekaru kafin su isa girman sayarwa, wurin da aka share sosonsa yakan daɗe bai farfaɗo ba.

Amma yana da wata baiwa mai ban mamaki. A 1907 wani Ba'amurke, H. V. Wilson, ya matse wani irin jan soso ta cikin ƙyallen siliki har ƙwayoyin jikinsa suka rabu ɗai-ɗai, ya bar su a ruwan teku. Sai ga su suna rarrafawa suna neman juna, suka dunƙule, suka fara zama sabon soso. Don haka idan mai nutso ya yanka soso da wuƙa ya bar gindin, sau da yawa yakan sake tofowa. Wanda ya tumɓuke shi kuwa, ko ya ja ƙarfe ya kankare ƙasan teku, a ganina ya ci irin shukarsa ne.

Mutanen tsibirin Kalimnos na Girka su suka fi suna a wannan sana'a, suna kai jiragensu har gaɓar Libiya. Da rigar nutso mai kwalkwalin ƙarfe ta iso musu wajen 1865, sai suka riƙa zurfafawa suna daɗewa a ƙasa. Riba ta ƙaru, amma saurin tasowa ya sa iska ta riƙa yin kumfa a jininsu, da yawa suka mutu, waɗansu jikinsu ya shanye. Shi kansa soson ya ragu. A 1986 wata annoba ta auka masa a Bahar Rum ta halaka mai yawa, sa'an nan a 1999 da 2003 ruwan yammacin tekun ya yi zafi fiye da kima, aka sake yin asara. Dabbar da ba ta tashi daga wurinta ba ta da yadda za ta guje wa ruwan da ya ɓaci, alhali kuwa dole ta shigar da shi cikin jikinta.

Saura tambaya guda da ɗalibi zai iya yi: tun da dabba ne, kuma ba a yanka shi ba, ashe ba mushe ake cuɗa jiki da shi ba? Amsa ita ce, a mazhabar Imamu Malik mataccen dabbar ruwa mai tsarki ne, ba ya bukatar yanka, saboda haka ba ya ɓata ruwa ko jiki. Yawancin soson da ke kantuna yanzu ma na roba ne da aka yi a masana'anta, bai taɓa ganin teku ba. Wallahu a'alamu.