Karatun Lauya a Jami'o'i Masu Zaman Kansu da Manufofin Ilimin Shari'a

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya nazarci kalmomin da Bahaushe ke amfani da su a fagen shari'a zai tarar da aro iri biyu. Alƙali da shari'a da hukunci daga Larabci aka aro su, su kuwa lauya da kotu da joji da beli daga Ingilishi suka shigo. Ke nan Bahaushe ya daɗe da sanin alƙali kafin ya san lauya. Wannan darasi zai dubi yadda ake horar da lauya a Nijeriya, musamman a jami'o'i masu zaman kansu, domin malami ne mutum na farko da ɗalibi da iyayensa ke tunkara da neman shawara kan irin wannan karatu.

2.0 Asalin Karatun

Kafin samun 'yancin kai, sai ɗan Nijeriya ya tafi Ingila kafin ya zama lauya. A Arewa kuwa, makarantar shari'a da aka buɗe a Kano a 1934 alƙalai take horarwa. Bayan rahoton Kwamitin Unsworth na 1959 ne aka yi dokar 1962 wadda ta kafa Majalisar Kula da Ilimin Shari'a, sannan Makarantar Horar da Lauyoyi ta fara aiki a Legas a 1963 da ɗalibai 8 kacal. A 1997 aka mayar da hedikwatarta Bwari, kuma tana da rassa, ciki har da na Bagauda da na Yola.

3.0 Jami'o'i Masu Zaman Kansu

A 1999 aka ba jami'o'i masu zaman kansu na farko lasisi, wato Igbinedion da Babcock da Madonna. Babban abin da ke jan iyaye zuwa ga irin waɗannan jami'o'i shi ne tabbacin kammalawa a kan lokaci, domin yajin aikin malaman jami'o'in gwamnati, kamar na wata 8 da aka yi a 2022, ba ya shafar su.

Sai dai akwai abin lura. Samun lasisin jami'a daban, amincewa da tsangayar shari'arta daban. Wajibi ne Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa da Majalisar Kula da Ilimin Shari'a su tantance tsangayar, kuma Majalisar ce ke ƙayyade yawan ɗaliban da za ta ɗauka. Idan jami'a ta zarce wannan adadi saboda kwaɗayin kuɗin makaranta, ragowar ɗaliban kan kammala digirin shekara 5 su zauna jiran gurbi a Makarantar Horar da Lauyoyi. Idan kuwa ba a amince da tsangayar ba tun farko, an yi tusa ne a kasuwar iska: ga takardar digiri, babu damar tsayawa a gaban kotu. Saboda haka, tambayar farko da ya kamata uba ya yi ita ce ko an amince da tsangayar, da kuma adadin da aka ƙayyade mata. Zancen kyawun ɗakunan kwana ya biyo baya.

4.0 Manufofi

Jami'a, ta gwamnati ko mai zaman kanta, aikinta koyar da tushen doka da yadda ake tunani da ita. Haddar sassan doka kaɗai ba ta wadatarwa, tun da majalisa na iya sauya doka a kowane lokaci. Abin da ake so shi ne ɗalibi ya iya tsefe magana, ya ware hujja daga zato, ya kuma auna hukuncin da ya gabata da ƙarar da ke gabansa. Shekara gudan da ake yi a Makarantar Horar da Lauyoyi kuwa ta koyon aiki ce, inda ake tura ɗalibi kotu da ofishin lauyoyi. Akwai kuma tarbiyya, domin ba a rantsar da mutum sai an gamsu da halinsa. Dukiyar maraya da sirrin mai ƙara duk a hannunsa za su kasance.

Manufar da aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, a ganina, ita ce ta harshe. Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya wajabta a sanar da wanda ake tuhuma laifinsa cikin harshen da yake fahimta, a kuma ba shi tafinta kyauta. Manyan kotuna da Ingilishi suke aiki, alhali mai shaida daga ƙauye da Hausa zai yi bayani. Alal misali, idan ya ce "na ba shi jingina", tafinta ya fassara da sayarwa, gona ta tafi ke nan. Lauyan da bai naƙalci bambancin aro da jingina da haya da ƙandu ba, ba zai gane an yi wa wanda yake karewa ɓarna ba, komai tsadar jami'ar da ya fito.

Jinga

Tattaro kalmomin shari'a 10 da ake amfani da su a garinku, ka bayyana asalin kowace da kuma yadda ma'anarta ta sauya a bakin Bahaushe.