Darasi: maida motar otomatik ta koma giyar hannu

Yawancin motocin da ke yawo a ƙasar Nijar ba sababbi ba ne. An yi aiki da su a Turai ko Amurka. An daɗe ana sauke su a bakin teku, a Kotonu da Lome, kana a turo su ta hanyar ƙasa. Cikinsu akwai masu canza giya da kansu. Su ake ce ma otomatik.

Idan irin wannan mota ta shigo ƙauye, mai ita yakan so a maida ta giyar hannu. Aikin yana yiwuwa. Amma ba ƙarfe guda ake cirewa a sa wani ba. Duk mai niyya, ko mutum ɗaya ko ƙungiyar manoma, ya kamata ya san abin da ke ciki kafin ya fidda kuɗɗinsa.

Mine ne aikin giya?

Giya, wadda wasu ke ce ma bitas, ita ke kai ƙarfin inji zuwa ga tayoyi. Giya ta 1 ƙarfi gare ta, ba gudu. Da ita ake tashi da kaya, da ita ake hawan tudu. Giya ta 4 da ta 5 na gudu ne bisa godoro.

Motar giyar hannu tana da abin takawa 3: kuloci, birki da totur. Kuloci shi ne ambiriyaji. Direba ya taka shi, ya raba inji da giya, kana ya canza da hannunsa.

Motar otomatik tana da abin takawa 2 kawai: birki da totur. Kusa da sandarta akwai baƙaƙe 4. P na ajiye mota ne. R na komawa baya. N babu giya. D na tafiya gaba. Mai ne ke yin aiki cikin akwatinta. Kamfanin General Motors na Amurka ya fara saida irinta da yawa tun wajen 1940. Yau mafi yawan motocin Amurka otomatik ne.

Domi mutanen karkara ke son giyar hannu?

Na ɗaya, turi. Idan batir ya yi rauni, motar giyar hannu ana tura ta. Direba ya sa giya ta 2, ya saki kuloci, inji ya tashi. Otomatik ba ta tashi da turi. Famfon man da ke cikin akwatinta inji ne ke juya shi. In inji bai tashi ba, tayoyi ba su iya juya shi. A birni wannan ƙaramar matsala ce. A ƙauye, da dare, ga mace tana naƙuda, likita na nesa, babbar matsala ce.

Na biyu, gyara. Makanikai da yawa sun san giyar hannu. Akwatin otomatik yana son gwani da kayan awo, kuma yawanci sai a manyan garuruwa kamar Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa.

Na uku, ja. Idan aka ja otomatik da igiya zuwa nesa, inji a kashe, akwatin yana lalacewa don mai ba ya zagayawa.

Batun shan isansi kuwa, a yi hattara. Tsofaffin otomatik masu giya 3 ko 4 sun fi sha. Na zamani ba su fi giyar hannu sha ba.

Kayan da ake bukata

1. Akwatin giyar hannu wanda ya dace da injin.
2. Faifan ƙarfe mai nauyi da ake ɗaurawa a gindin inji. Na otomatik siriri ne, kuloci ba ya zama bisansa.
3. Kuloci cikakke. Gara a sayi sabo.
4. Abin taka kuloci, da waya ko bututun man da ke haɗa shi da akwati.
5. Abin taka birki siriri. Na otomatik faɗi gare shi, yana tare wuri.
6. Sandar giya da ƙarafanta.
7. Kardan, wato sandunan da ke kai juyi ga tayoyi. Sau da yawa tsawonsu ba ɗaya ba ne.
8. Robobin da akwati ke zama bisansu.

Hanya mafi kyau ita ce a ciro duka daga mota guda, iri ɗaya, inji ɗaya, shekarunsu kusa. Tsince-tsince daga motoci daban-daban yakan kawo yanka da walda. Araha ba ta ado.

Wayoyin wuta

Nan ne ake yawan kuskure. Motocin zamani suna da kwamfuta, wadda makanikai ke ce ma ƙwaƙwalwa. In ba ta ga akwatinta ba, takan kunna fitilar gargaɗi, ko ta rage ma inji ƙarfi. Sai a sake ta, ko gwani ya daidaita ta. A tabbata kuma fitilar baya da allurar gudu suna aiki.

Ga babban hatsari. Otomatik ba ta tashi sai sanda na kan P ko N. Wani ɗan makunni ne ke tsare wannan. Wajen canji, wasu sukan haɗe wayoyinsa kawai. Daga nan mota tana iya tashi da giya a ciki, ta zabura gaba. Yara kuwa suna son wasa gaban mota. Maganin shi ne makanike ya sa makunni ga abin taka kuloci. Direba kuma kullum ya fidda giya, ya taka kuloci, kafin ya murɗa makulli.

A yi lissafi tukuna

Mai mota ya rubuta abu 4 a takarda: kuɗɗin kaya, ladan makanike, kuɗɗin kai mota gari, da asarar kwanakin da ba ta aiki. Kana ya gwama da hanya 2: gyara akwatin da ke akwai, ko saida motar a sayi mai giyar hannu. Idan akwatin otomatik lafiya lau yake, sau da yawa hanyar saidawa ta fi sauƙi. Idan ya riga ya mutu, kuma ga kayan mota irinta a kusa, canji yana da amfani.

Wanda bai sayi mota ba tukuna, ya leƙa ƙarƙashin sitiyari ya ƙirga abin takawa. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Abin takawa nawa motar otomatik ke da shi?
2. Mine ne ma'anar P, R, N da D?
3. Domi otomatik ba ta tashi da turi?
4. Motar ƙungiya tana samun jika 8 a rana. Ta kwana 12 a garaji. Jika nawa ƙungiya ta rasa?